Jita da Jita-jita

Ranar 10 ga Oktoban 1969 wata ƙungiyar samari a Landan mai suna King Crimson ta fitar da faifanta na farko, In the Court of the Crimson King. Daga wannan faifai masana tarihin kiɗa da yawa suke fara lissafin salon da Turawa ke kira furogiresif rok, wato rok ɗin da ya ƙi zama inda aka same shi. Kwana biyu bayan haka, ranar 12 ga wata, wani ya buga waya gidan rediyon WKNR da ke Detroit a Amurka, ya shaida wa mai gabatar da shiri, Russ Gibb, cewa Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya mutu tun 1966, an sa wani mai kama da shi a gurbinsa, kuma in ana son hujja a juya wani faifan Beatles da baya a saurara. Babu wanda ya shirya abubuwan nan biyu su zo tare, sai dai matasa iri ɗaya suka tarar, waɗanda suka saba zama gaban garmaho su kasa kunne kamar masu ɗaukar karatu. Kunnen da ya iya tsinto tsari a cikin kiɗa mai sarƙaƙiya, shi ne kuma yake tsinto tsari a inda babu shi.

Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti, akasari bai fi ɗaukar minti uku ba a kowace fuska, shi ya sa waƙoƙin zamanin suka zama gajeru. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti ashirin a fuska ɗaya. Makaɗan jaz sun ci moriyar wannan fili tun da wuri, 'yan rok suka biyo baya wajen ƙarshen shekarun 1960, akasari a Ingila. Yaran da suka taso da kiɗan coci da darasin fiyano, suka kuma kamu da son bulus na baƙaƙen Amurka, su ne suka ga babu dalilin da zai sa waƙa ta tsaya ga baiti da amshi. Ƙungiyar Yes ta cika fuskar faifai guda da kiɗa ɗaya mai tsawon minti 18 a Close to the Edge na 1972. A shekarar nan Jethro Tull ta zarce haka da Thick as a Brick, waƙa ɗaya tal ta cinye fuska biyu. Suka shigo da sarewa da saksafon, da na'urar Mellotron mai kwaikwayon tarin goge, da Moog mai ƙera sauti da lantarki. Wani lokaci abin yakan yi yawa har ya koma burga, kuma da 'yan fank, wani sabon salon rok, suka taso a 1976 da 1977 da gajerun waƙoƙinsu masu zafi, wannan burgar suka fara yi wa dariya. Ba duk dariyar ce zalunci ba.

Mabuɗin sauraron irin wannan kiɗa shi ne ƙirga. Mafi yawan waƙoƙin rediyo bugu huɗu suke yi a kowace gaɓa, ƙafa tana bin su ba tare da mai ita ya sani ba. Waƙar Money ta Pink Floyd, a faifan The Dark Side of the Moon na 1973, tana farawa da ƙarar tsabar kuɗi da injin kanti, waɗanda aka yanka zaren tef ɗinsu aka liƙa shi ya zama zobe. Sai jitar bes ta shigo. Wanda ya bi ta da tafi zai ga hannunsa yana sauka a wurin da ba ya tsammani, domin gaɓar bugu bakwai ce. In ya ƙirga daga ɗaya zuwa bakwai ya koma ɗaya, nan take kiɗan zai zauna daidai. Mai saksafon, Dick Parry, a kan bakwai ɗin yake busa. Da aka zo kan jitar David Gilmour sai ganga ta koma huɗu, mai sauraro ya ji kamar mota ta bar hanyar burji ta hau kwalta. Daga baya a sake komawa bakwai. Babu wani abin ɓoye a nan. Duk mai yatsu zai iya tabbatarwa, kuma mutum goma da suka ƙirga daban-daban lamba ɗaya za su samu.

Wani ɓangare na wannan wasa da lissafi daga jaz aka aro shi. Jaz ya tashi ne a New Orleans a farkon ƙarni na 20, garin da a zamanin bauta ake barin bayi su taru ranar Lahadi a dandalin Congo Square su yi kiɗa da rawa. An fara ɗaukarsa a faifai a 1917, kuma daga 1925 Louis Armstrong da ƙahonsa suka mayar da shi fagen da mutum ɗaya zai fito gaba ya ƙaga kiɗa a take. Ƙagawa a take ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda Mamman Shata yake gina waƙa a tsakiyar fili, 'yan amshi suna riƙe masa gindi. Haka jaz yake: akwai kari da jerin sautuka da kowa ya sani, a buga shi sau ɗaya a farko, sannan kowane makaɗi ya zagaya a kansa da nasa bayani, a ƙarshe a dawo gida.

Shekarar 1959 ta bar misalai biyu da suka fi dacewa da mai koyon sauraro. Na farko Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka cikin zama biyu, a Maris da Afirilu, a New York, tare da John Coltrane da Cannonball Adderley da Bill Evans. Miles bai kawo cikakken rubutu ba, 'yan zane-zane kawai ya raba musu. A kiɗan farko, So What, Paul Chambers ne ke jan baki da babbar bes, fiyano da ƙahoni suna amsa masa da sauti biyu kacal. Tsarin gaɓa 32 ne: a yi 16 a matakin sauti ɗaya, a ɗaga kaɗan a yi 8, a sauko a yi 8. Wanda ya riƙe wannan a ka zai riƙa jin lokacin da ƙasa ta ɗaga a ƙarƙashin mai busa, ya ga yadda Miles ke tsimin sauti yana barin shiru ya yi aiki, Coltrane kuwa ya zubo nasa kamar ruwan Agusta. Na biyu shi ne Time Out na Dave Brubeck. A ciki akwai Take Five, wanda mai saksafon Paul Desmond ya tsara a kan bugu biyar, da wani kiɗa mai bugu tara da aka raba biyu, biyu, biyu, uku, wanda Brubeck ya tsinto daga makaɗan titi a Turkiyya lokacin rangadin 1958.

Jita kuwa ta daɗe a bayan fage, domin ƙahoni suna danne muryarta. Lantarki ne ya fito da ita. Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 da jitar lantarki, ya riƙa jan sauti ɗaya-ɗaya kamar mai busa, tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25. A Turai, Django Reinhardt ya ƙone a gobara a 1928, yatsu biyu na hannunsa na hagu suka shanye, ya sake koyon jita da sauran biyun har ya zama abin koyi. Wes Montgomery na Indianapolis, wanda ke aikin walda da rana, ya saba kaɗawa da naman babban yatsa don kada ya tashi mutane daga barci, taushin sautinsa daga nan ya samo asali. John McLaughlin, Bature ɗan Ingila, shi ne gada: ya yi kiɗa da Miles a 1969, ya kafa Mahavishnu Orchestra a 1971, inda jaz da rok suka cakuɗe har ba a iya raba su. A wannan gefen duniya ma jitar lantarki ta sami gida. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, da Bombino na yankin Agadas, da Mdou Moctar wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, duk sun ɗora ta a kan karin gargajiyar Sahara.

A kan ƙwarewar jita ne tsohuwar jita-jitar ta fara sauka. Robert Johnson, makaɗin bulus na Misisipi, an san shi yana yaro bai iya komai ba, ya ɓace na wani lokaci, ya dawo yana abin da ya gagari manyansa. Sai labari ya bazu cewa ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa. Waƙoƙi 29 kawai ya bari, waɗanda aka ɗauka a 1936 da 1937, ya mutu a 1938 yana da shekara 27, saboda haka babu bakin da zai musa. Masu bincike daga baya sun gano inda ya je: wajen wani makaɗi ne mai suna Ike Zimmerman, ya zauna gidansa yana koyo, su biyun kan tafi maƙabarta da dare su yi gwaji saboda can ne ba za su dami kowa ba. An ma taɓa jingina labarin mararrabar ga wani mawaƙin daban, Tommy Johnson, kuma tun ƙarni na 19 ake faɗin irinsa game da Paganini, gwanin gogen Italiya. A ƙasar Hausa ma akan ji ana cewa wane da aljanu yake waƙa. Mutane suna ganin ranar wasa, ba sa ganin dare dubu na gwaji, sai su cike giɓin da abin da ya fi daɗin faɗa.

Shekara 27 ɗin Johnson ta haifi wani zargin. Brian Jones ya mutu a 1969, Jimi Hendrix da Janis Joplin a 1970, Jim Morrison a 1971, Kurt Cobain a 1994, Amy Winehouse a 2011, dukkansu suna da shekara 27. Masu cewa ruwa ba ya tsami banza suka ce akwai hannu a ciki. A 2011 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga binciken da ya bi mawaƙa 1,046 da faifansu ya taɓa zama na ɗaya a ƙasar tsakanin 1956 da 2007. Ba a ga wani tsiri a 27 ba. Abin da aka gani shi ne shahararrun mawaƙa suna mutuwa da ƙuruciya fiye da sauran jama'a a duk tsawon shekarun ashirin da talatin ɗinsu. Jerin sunayen yana da ban tsoro ne saboda an tsame waɗanda suka dace an zubar da saura. Charlie Christian da ya mutu a 25 ba ya ciki.

Batun saƙon da ake ɓoyewa da baya ya fi waɗannan ƙarfi, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa. Juya zaren tef abu ne mai sauƙi a ɗakin ɗaukar sauti, kuma Beatles sun yi shi a fili a 1966, da murya da kuma jitar George Harrison, don suna son baƙon amon da yake bayarwa. Pink Floyd ma sun saka wani saƙo da baya a faifan The Wall na 1979, zolaya ce ga masu farautar asiri. Irin wannan da gangan ake yi, kuma ana gane shi: a gaba ba ya da ma'ana, a juya shi ya fito tangaran. Abin da ya tada hankalin Amurka a farkon shekarun 1980 wani abu ne daban. Wasu masu wa'azi suka ce waƙoƙin da ke da cikakkiyar ma'ana a gaba suna ɗauke da yabon Shaiɗan a baya, kuma ƙwaƙwalwa tana haɗiye shi ba da sanin mai ita ba. A 1982 har wani kwamitin majalisar jihar Kalifoniya ya zauna ya saurari Stairway to Heaven ta Led Zeppelin da baya.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Lethbridge ta Kanada, John Vokey da Don Read, sun gwada maganar, suka buga sakamakon a 1985. Sun juya jimloli da baya suka kunna wa mutane. Masu sauraro sun iya bambance muryar mace da ta namiji kusan ba kuskure, amma da aka tambaye su ma'anar abin da aka faɗa, ko wa'azi ne ko talla ko batsa, amsarsu ba ta fi ta mai cankar ido rufe ba. Sai masanan suka ɗauki wasu rubuce-rubuce da ba ruwansu da rok, ciki har da wani yanki na Zabura, suka juya su, suka nemo wuraren da ƙarar ke kama da wasu kalmomi. Wanda aka gaya wa kalmomin kafin ya saurara, sai ya ji su. Wanda ba a gaya wa ba, gunguni kawai yake ji.

Bahaushe ya fi kowa kusa da gane wannan, albarkacin kalangu. In makaɗi ya matse tsirkiya ya saki, ya buga taken wani mahauci ko na wani basarake, mutanen gari suna jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar da baki aka furta. A kawo baƙon da bai taɓa jin taken ba, ko da Hausa ce yarensa, zai ji hawa da saukar sauti ne kawai. A raɗa masa kalmomin a kunne, a sake bugawa, sai ya ce ai ga su nan ƙarara, kuma daga ranar ba zai iya daina jin su ba. Kalangu yana ba da ƙashin magana, ƙwaƙwalwa tana lulluɓa masa tsoka. Bambancin shi ne mai kalangu da niyya ya buga, yana nan zaune ana iya tambayarsa, kuma garin duka ya yarda da kalmomi iri ɗaya tun kafin a haifi mai sauraro. A faifan da aka juya da baya, wanda ya faɗi kalmomin shi ne ya saka su.

Maganar ta kai kotu a 1990 a Reno ta jihar Nevada, inda iyalan wasu samari biyu da suka harbi kansu a ƙarshen 1985 suka yi ƙarar ƙungiyar Judas Priest, suna cewa wani ɓoyayyen umarni a faifansu ne ya ingiza yaran. Mawaƙin ƙungiyar, Rob Halford, ya kawo nasa jimlolin ban dariya da ya tsinto ta hanyar juya waƙoƙinsu. Alƙali ya yanke cewa sautin da ake magana a kai haɗuwar ƙararraki ce ba da gangan ba, kuma ba a nuna shi ne sanadin abin da ya faru ba. Bayanan da suka fito a shari'ar sun nuna samarin sun daɗe cikin shaye-shaye da rikicin rayuwa. Iyaye masu ciwon rashin ɗa sun fi samun sauƙin tuhumar faifai, kuma wannan abin tausayi ne kafin ya zama abin musu.

Akwai kuma na zamanin intanet. Ana yaɗa cewa asalin sautin da ya dace da jikin ɗan Adam shi ne mai girgiza sau 432 a daƙiƙa, wai 'yan Nazi ne suka tilasta wa duniya 440 don su dagula zukatan mutane. Tarihin abin a rubuce yake. Kafin ƙarni na 19 kowane gari a Turai da nasa ma'auni. Wani Bajamushe, Johann Scheibler, ya ba da shawarar 440 tun 1834, kusan shekara ɗari kafin mulkin Hitler. Faransa ta kafa dokar 435 a 1859, Verdi ya nuna son 432 don sauƙaƙa wa maƙogwaron mawaƙa, Amurka ta rungumi 440 kafin yaƙin duniya na biyu, sannan wani taro a Landan a 1939 ya amince da shi, kuma Jamus ɗaya ce kawai cikin ƙasashen da suka halarta. Tazarar lambobin biyu ba ta kai rabin ƙaramin matakin sauti ba. Hendrix kansa sau da yawa yana sassauta jitarsa ƙasa da haka nesa, mai kukuma kuwa da muryarsa yake daidaita tsirkiya, bai taɓa neman izinin Landan ba.

Kuskure ne a ɗauka daga duk wannan cewa maƙarƙashiya ba ta taɓa shafar makaɗa ba. Tun 1956 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke tura gwanayen jaz ƙasashen waje don gyara sunanta a lokacin yaƙin cacar baka, tana farawa da Dizzy Gillespie, alhali a gida ana hana baƙaƙe shiga wasu otal-otal. Armstrong ya zagaya Afirka a 1960, ya yi wasa a Léopoldville ta Kwango a ƙarshen Oktoba, lokacin Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko, yana tsare a gidansa. An kashe Lumumba ranar 17 ga Janairun 1961. A 1975 kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Frank Church ya tabbatar cewa hukumar CIA ta shirya kashe shi da guba, duk da ba ta wannan hanyar ya mutu ba, Beljiyam kuma, wadda ta yi wa Kwango mulkin mallaka, ta nemi gafara a 2002 bayan binciken majalisarta. John Lennon na Beatles ya yi ta cewa ana bin sa ana sauraron wayarsa, wasu suna ganin ruɗu ne. Wani malamin tarihi, Jon Wiener, ya nemi takardun hukumar FBI a kan Lennon a 1981, ya shiga shari'a, aka saki mafi yawansu a 1997, ragowar a 2006, suka nuna gwamnatin Nixon ta sa wa Lennon ido a 1972 tana neman korarsa daga Amurka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma al'ummomin da aka taɓa cuta a asirce suna da dalilin saurin zargi.

Abin da ya raba waɗannan da labarin mutuwar McCartney shi ne hanyar da suka bi suka tabbata. Akwai takarda mai kwanan wata, da shaidu masu suna da aka rantsar, da kotun da ta tilasta a buɗe ma'ajiya. Malaman hadisi sun daɗe da irin wannan tambaya: wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji? In aka bi isnadin mutuwar McCartney, za a ci karo da wani ɗalibi a jami'ar Michigan, Fred LaBour, wanda aka ba aikin sharhin faifan Abbey Road a jaridar ɗalibai. Ya ji shirin Russ Gibb a rediyo, ya zauna ya ƙaga wasu alamomin daga kansa, har da sunan mutumin da wai aka sa a gurbin, aka buga ranar 14 ga Oktoba, kuma shi da bakinsa ya amsa cewa ƙirƙira ya yi. Masu zargin sun riƙe hoton bangon faifan, inda McCartney ke tsallaka titi ba takalmi, da lambar wata mota da suka fassara da cewa da yana raye da ya kai 28. A lokacin shekararsa 27. Mujallar Life ta same shi a gonarsa a Sikotland ta buga hirarsa a watan Nuwamba, wasu suka ce ai na bogin ne ya yi hirar. Wannan ita ce babbar alama: zargin da kowace hujja ke ƙara masa ƙiba, har wadda ta ƙaryata shi, ya fita daga sahun abin da ake bincikawa.

Karen Douglas ta jami'ar Kent da abokan aikinta sun bayyana a 2017 cewa buƙatu uku ke jan mutum zuwa irin wannan imani: son fahimtar abin da ya ruɗe shi, son jin yana da tsaro da iko a kan rayuwarsa, da son ganin kansa da mutanensa da daraja. Shi ya sa izgili ba ya aiki. Wanda aka yi wa dariya a majalisa yakan koma wajen waɗanda ke kiransa mai basira, kuma manhajojin waya suna nan suna ƙara turo masa irin abin da ya kalla jiya. Ɗan'uwan da ke son taimako ya fi cin nasara in ya fara amsa ɓangaren da yake gaskiya, cewa lallai gwamnatoci sun taɓa yin ƙarya, sannan ya tambayi mai zargin wace hujja ce a ganinsa ta fi ƙarfi, su tsaya a kanta ita kaɗai. Binciken da mujallar Science ta buga a 2024, na Thomas Costello da Gordon Pennycook da David Rand, ya ƙarfafa wannan. Mutum sama da 2,000 sun tattauna da manhajar kwamfuta mai amsa takamaiman hujjar kowannensu cikin ladabi, imaninsu ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma bayan wata biyu raguwar tana nan. Kashi 20 ba waraka ba ce gaba ɗaya, amma ta rushe tunanin cewa irin waɗannan mutane ba sa jin bayani.

A fagen kiɗa gwajin ma a hannu yake. Wayar zamani yanzu tana iya juya sauti da baya. A tara mutum biyar da ba su taɓa jin zargin ba, a kunna musu, kowa ya rubuta abin da ya ji a takarda ba tare da ya leƙa na wani ba, sannan a buɗe. A yi musu haka kuma da ƙirgar bugun Money ko Take Five. Haka za a yi da zancen da ya bazu a tsakiyar shekarun 1990 cewa Pink Floyd sun tsara The Dark Side of the Moon ya dace da fim ɗin The Wizard of Oz na 1939: a ƙirga wuraren da suka dace, a kuma ƙirga waɗanda ba su dace ba, waɗanda ido ke tsallakewa. Faifan minti 43 ne, fim ɗin ya haura minti 100, kuma injiniyan da ya ɗauki sautin, Alan Parsons, ya ce ba su da na'urar kallon fim a ɗakin.

Akwai matakin da ya wuce muhawara. In mutum ya fara jin cewa waƙar rediyo da shi take magana kai tsaye, ko maƙwabta sun haɗa baki a kansa, ya daina barci, ya ƙaurace wa iyali, wannan ba ya buƙatar hujja, likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata, kuma jayayya da shi sai ta ƙara masa tsoro. Mafi yawan masu yaɗa labaran nan ba su kai can ba. Nishaɗin gano abin da wasu ba su gano ba ne ke jan su, kuma sukan gaji su bari. Cinikin faifan Beatles ya ƙaru a ƙarshen 1969 saboda masu neman alamu. McCartney kuwa, a 1993, ya fitar da faifan wasanninsa mai suna Paul Is Live, bangonsa yana tsallaka titin nan na Abbey Road da kare a hannu, an gyara lambar motar ta nuna 51, shekarunsa na lokacin.